Bargon Baba daga zannuwan Inna: aikina na 2024

Lahadi, 7 ga Janairu

Yau na buɗe adakar Inna, Allah Ya jiƙanta. Tun ranar da aka raba gadonta, shekara biyu ke nan, ban sake ɗaga murfin ba. Masu kyan cikin kayanta an raba, wasu an yi mata sadaka da su. Abin da ya rage su ne zannuwan gida, waɗanda ta ɗaura ta tuƙa tuwo, ta goya jikoki, ta lulluɓa ta yi lazimi, har suka yi laushi tuɓus. Yaya da Auta suka ce in riƙe su tunda ni ce mai keke. Na ƙirga 11. Ƙanshin kafur da na turaren wutarta suna nan a jikinsu, amma asu ya riga ya shiga biyu, ya huda su a daidai ninki. Ganin hujin nan ne ya raba mini gardama. In na ci gaba da ajiya, asu nake yi wa ajiya.

Jiya da sassafe na je gaida Baba, na tarar da shi a zaure ya dawo daga masallaci, ya dunƙule cikin tsohon gwadonsa da ya yi shara-shara. Bargon kanti mai gashi da yayanmu ya saya masa yana ninke a gefe. Ya ce ƙaiƙayi yake sa shi, kuma yana tayar masa da tari. Na dawo gida abin yana cina a rai.

To, ga niyyata ta bana, in Allah Ya ba da rai da lafiya. Zan yanka zannuwan nan in haɗa wa Baba bargo mai auduga a ciki, in kai masa kafin sanyi mai zuwa ya kankama. Shekara 6 ke nan ina karɓo ƙyalle wajen teloli ina haɗa matasan kai da shimfiɗun jarirai, amma ban taɓa yin abin da ya kai girman gado ba, kuma duk a keke nake gama su. Wannan karon ɗinkin da zai kama audugar da hannu nake so in yi shi. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan sayi sabuwar atamfa ba bana, sai turmi ɗaya na shafi, sannan kowane wata in fitar da ƙaramin abu ɗaya daga buhun ƙyallen da ya tokare mini bayan ƙofa. Zan riƙa rubutawa a nan don in san inda na kwana.

Lahadi, 28 ga Janairu

Wanki da guga kawai na yi wannan watan. Kowane zani na jiƙa shi shi kaɗai a baho, saboda tsufan atamfa ba ya hana ta zuba. Ai kuwa wani ja mai ganye ya rina ruwan har sau uku kafin ya tsaya. Bayan sun bushe na riƙa ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya. Duk inda haske ya ratsa sosai, na zagaye shi da alli, don nan ya mutu, ba zai riƙe ɗinki ba. Yawanci tsakiyar zani ce take mutuwa, wajen zama, da kusurwar da ake sokewa a ƙugu. Gefen ƙasa kuwa sai ka same shi garau.

A bakin zannuwan akwai rubutu, kuma na daɗe a kansa fiye da yadda na zata. Biyu 'yan Holan ne, na kamfanin Vlisco. Huɗu kuwa na gida ne, kuma a jikin wani kore mai tsuntsaye har yanzu ana iya karanta UNTL, masaƙar nan ta Kaduna da aka kafa a 1964, ta rufe a 2007. Da audugarmu ake saƙa irin wannan, daga Funtuwa zuwa Kakuri, mu saya a Kwari. Yarana ba su taɓa jin sunan masaƙar ba sai yau da na nuna musu. Koren nan shi ya fi kowanne tsufa, shi ya fi mutuwa, kuma ban san tarihinsa ba. Na dai san Inna ba ta cika ɗaura shi ba, ba ta kuma taɓa bayar da shi ba.

Ƙaramin abin wata: jakar Islamiyya ta ƙaramar 'yata.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na auno katifar Baba, na zauna da babban ɗana muka yi lissafi a bayan littafinsa. Tsarin mai sauƙi na zaɓa, irin gidan dara. Kowane gida ɗaki 9 ne, uku-uku, kowane ɗaki inci 3 bayan an ɗinke. Gida 7 a faɗi, 9 a tsawo, gida 63 ke nan, ɗaki 567, inci 63 da inci 81 kafin a sa baki. Kowane ɗaki sai an yanka shi inci 3 da rabi, don ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe.

Da na jera zannuwan a tabarma sai na ga matsala: Inna mai son duhun kaya ce. Shuɗi, ja mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan hanta. In aka haɗa su junansu, ido ba zai sami wurin hutawa ba. Ana buƙatar fari a tsakani, ni kuma na yi alkawarin ba zan saya ba. Na faɗa wa Baba cikin hira, ban ma gaya masa bargon nasa ne ba. Ya yi shiru, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar babbar rigarsa ta farar shadda, wadda wuyanta ya cinye.

"Mamana, wannan za ta yi miki?"

Na ce, "Baba, ai rigar Juma'arka ce."

Ya ce, "Ta yi Juma'o'inta. Kai ta ta sami 'yan'uwanta."

Rigar aikin hannu ce, aska takwas. Na farke aikin da aljihunsa gaba ɗaya na ninke na ajiye, almakashina ba zai taɓa shi ba. Sauran na wanke sitacin, ya yi laushi. Yanzu lissafin ya zama ɗaki 283 daga zannuwan Inna, 284 daga rigar Baba, ɗaya nata ɗaya nasa, har ƙarshen bargon.

Yankan farko ne ya yi mini wuya. Na ɗora kwalin awo a kan shuɗin da take yawan ɗaurawa in za ta gidan suna, na zana da alli, na riƙe almakashi na kasa. Sai da na tashi na yi alwala, na yi mata addu'a, na dawo na yi bisimilla. Daga nan hannu ya saki. Cikin kwana 9, bayan sallar isha'i, na gama yankan duka. Koren nan mai tsuntsaye ɗaki 7 kacal ya ba ni. Na ware ɗaya wanda tsuntsun ya fito cikakke, shi zai zauna a tsakiyar bargon.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi ya kama ranar 11 ga wata, ga zafi, ga makaranta, ga girkin buɗa-baki. Bayan asuba kawai nake samun rabin awa a kan keke kafin in yi shirin fita. Gida 9 na haɗa. Na yi jakar Alƙur'ani guda ɗaya, wadda nake zuwa tarawihi da ita. Ban matsa wa kaina ba, watan ba na ɗinki ba ne.

Lahadi, 14 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba, washegari na kai yara kallon Hawan Daushe. Tun ina yarinya nake ganin 'yan lifidi, amma bana ne na kalle su da idon mai ɗinki. Wani ya tsaya da dokinsa dab da mu, na ƙura wa rigar dokin ido: yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, an bi shi da ɗinki layi-layi, har ma an haɗa launuka, ja da rawaya da baƙi, yanki-yanki. Wannan ai shi ne abin da nake yi a ɗakina.

Na daɗe ina ɗauka sana'ar nan baƙuwa ce, don a waya na fara ganinta. Na ga na matan Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, baƙaƙen fata jikokin bayi, waɗanda suke haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona har aka baje kolinsu a manyan gidajen tarihi a 2002. Na ga na matan Bangaladash da suke jera tsofaffin sari su bi su da ɗinkin hannu, suna kiransa kantha. Ashe mu ma muna da namu a ƙofar gida. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin da ya tare kibiya shekaru ɗari shida da suka wuce ba zai gaza tare sanyi ba. Daga yau in an tambaye ni me nake yi, zan ce ɗinkin lifidi, kowa ya gane.

Gida 21. Na kuma gama shimfiɗar jariri ta maƙwabciyata da ta haihu cikin azumi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Wannan watan baya na koma. Na kai gida 30, na ce bari in jera su in ga yadda za su zauna, sai na ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Na ɗauko tef. Kowane gida ya kamata ya ba da inci 9 da rabi kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa, amma 11 daga ciki sun tsaya a 9 da kwata. Duk waɗanda na ɗinka da daddare ne, ina bin gefen ƙafar keke da ido. Kowane ɗinki ya ci ƙarin abin da bai wuce kaurin tsinken ashana ba, amma a gida ɗaya ya taru ya zama kwatan inci, a jeri mai gida 9 kuwa zai iya haura inci 2. Wasu kuma sun yi tattara, zanin ya miƙe, shaddar ta tsaya.

Na ɗauki uku na kai wa tsohon telan bakin layinmu, wanda ya fi shekara 40 a kan keke. Ya juya su, ya ja, ya ce, "Hajiya, tsohon zani da shadda ba tafiyarsu ɗaya ba. Ki dama sitaci marar kauri ki fesa wa zanin, ki goge, zai tsaya miki kamar takarda. In za ki ɗinka kuma ki sa mai laushin a ƙasa, haƙoran keke su ja shi." Ya yanko ɗan salatif ya ce in auna kwatan inci daga allura in liƙa a farantin keken, in daina dogara da ido.

Dare 6 na yi ina farke gida 11 da tsinin allura, a hankali, don tsohon zani ba ya jure fizga. Ɗaki 4 sun yage duk da haka, na yanko wasu. Ranar farko raina ya ɓaci ƙwarai, har na rufe keken. Amma ba zan iya kai wa Baba abin da na san a karkace yake ba, ko da shi ba zai lura ba. Yanzu gida 27, kowanne na auna shi sau biyu. Ƙaramin abin wata bai samu ba.

Lahadi, 30 ga Yuni

Babbar salla ta ci mako guda, suyar nama ta hana hannu taɓa farar shadda. Jarrabawar yara ta ci wani. Duk da haka gida 40, kuma tun da na liƙa salatif ɗin nan ko ɗaya bai kauce ba. Na ɗinka wa keken riga, don ƙurar da take shiga masa.

Lahadi, 28 ga Yuli

Maganar abin da zan sa a cikin bargon ce ta ɗauke mini hankali. Masu ɗinkin zanen gado a kasuwa fayiba suke sawa, mai sauƙi ce, ba ta curewa, amma roba ce, tana riƙe gumi, kuma abin da Baba ya gudu ke nan. Auduga nake so. Gwaggo ta zo daga Gwarzo duba Baba, na yi mata maganar, sai ta ce tana da ragowar kaɗar bara da take kaɗi da ita, za ta aiko. Da kaɗar ta iso, Gwaggo da kanta ta zauna a tsakar gidana kwana uku.

Ban taɓa zama na kalli aikin nan tun daga farko ba. Ta ɗora kaɗar a kan magurji, ta murza ɗan ƙarfen da tafin hannu, angurya tana fita ta gaba tana gangarawa. Sannan ta ɗauki bakan shiɓa, ta cusa tsirkiyar cikin audugar tana fizga, audugar tana tashi tana buɗewa har ta zama kamar kumfa. Abin da ke cikin ƙwarya ɗaya sai ya cika kwando. Gashin girarta ya yi fari fat. Ta miƙo mini bakan ta ce, "Karɓi, 'yar nan. Mu in mun tafi wa zai yi muku?" Hannuna ya gaji tun kafin in cika faifai, amma na koya.

Gwaggo ta gargaɗe ni cewa audugar shiɓa ba ta son sarari, in ɗinki ya yi nisa da juna za ta tattare a wanki. Na gwada da ƙananan guda biyu. Ɗaya na bar inci 4 tsakanin layuka, ɗaya inci 2, na wanke su sau uku. Na farkon ya yi curi-curi kamar an zuba masa ƙulli, na biyun ya kwanta lafiyayye. Don haka zan ratsa kowane ɗaki daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu, layukan su bar tazarar inci 2 da ɗan ɗoriya. Mai kyan ya zama abin sauke tukunya. Gida 52.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ranar 1 ga wata aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano. Muna kulle a gida, hankali a tashe, ana ta jin labarai marasa daɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana sauƙi. Ban iya zama haka kawai ba, na hau keke. Ƙarar takawar ce ta riƙa kwantar mini da zuciya. Ranar Laraba na haɗa gida na 63.

Lahadi, 22 ga Satumba

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 5 a farkon wata. Da na miƙe na share falo, na jera gidajen duka a ƙasa, na hau kan kujera ina kallo daga sama. Sai da na yi kwana biyu ina sauya musu wuri, don ja ya taru a gefe ɗaya. Koren mai tsuntsu ya zauna a jeri na 5, gida na 4, tsakiya cif. Na haɗa jeri-jeri, ina soka fil a kowace mahaɗa, ina kwantar da ɗinkin wannan jeri dama, na gaba hagu, don kada kauri ya taru wuri ɗaya. Kusurwoyi sun haɗu. Guda biyu ne suka ɗan goce, na bar su.

Bakin bargon kuwa daga ragowar rigar Baba ya fito. Na kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Marinin ya karɓa, ya shafa, ya ce shadda ce ta gaske, za ta sha baba. Na tsaya ina kallo yana tsomawa yana ɗagawa. In ta fito daga karofi kore-kore take, sai iska ta buge ta ta juye shuɗiya a gaban idonka. Ya ce, "Hajiya, tunda kusa da fari za ki sa, ki wanke har sai ruwa ya fito fes." Sau biyar na wanke, na ƙarshe na goga farin ƙyalle mai laima a kai, bai ɗauko komai ba. Na yanka inci 4 da rabi na zagaye. Fuskar bargon ta kammala, inci 71 da inci 89.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na shiga Kantin Kwari sayen shafi, atamfata ta farko kuma ta ƙarshe a bana. Kuɗin turmi ya tashi ƙwarai, kuma da yawa cikin masu araha akwai roba a jikinsu. Na roƙi mai shagon ya zaro mini zare ɗaya daga baki, na ƙyasta ashana. Auduga tana ci ta zama toka, tana warin takarda. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Sai a shago na uku na samu. Ruwan toka mai ƙananan ɗigo. Yadi 6 ya isa, na raba biyu na haɗa tsawonsu.

Ranar Asabar ta farkon wata Auta ta zo muka shimfiɗa. Shafi a ƙasa, mun ja shi mun danne kusurwoyi da turmi da duwatsun guga. Sai audugar, faifai-faifai, kowane yana ɗan hawa kan ɗan'uwansa, muna bi da tafin hannu muna laluben inda ya yi rami. An kashe fanka, an rufe taga, an hana yara gudu. Sannan muka ɗora fuskar, muka kama duka ukun da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe. Tun hantsi har la'asar muna durƙushe.

Ɗana ya sake yin lissafi: layi biyu a kowane ɗaki, ɗaki 567, ya kai kusan yadi 134 na ɗinkin hannu, ban da baki. In ina samun ɗinki 6 a inci guda, kusan 29,000 ke nan. A gidan farko 4 nake samu, manya da ƙanana. Yatsana na ƙasa, wanda yake tarar tsinin allura, ya huje har ya yi kanta. Na sayo hular yatsa ta ƙarfe a Sabon Gari, kwana uku ina jinta kamar baƙuwa, yanzu ba na iya ɗinki babu ita.

Yau kusan mako guda babu wuta a yawancin Arewa. Kekena na ƙafa ne, dutsen gugana na gawayi, allura kuma ba ruwanta, amma dare ya fita daga lissafina, don fitilar sola ba ta nuna farin zare a kan farar shadda. Gida 14 na gama, ina tsoron lokaci.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Iska ta juya, leɓe ya fara bushewa, ni kuwa ina gida na 31 a tsakiyar wata. Na so a ce hannuna kaɗai ne a bargon nan, amma da na faɗa wa Yaya sai ta ce, "Ke kaɗai ta haifa?" Gaskiya ta faɗa. Asabar biyu a jere ita da Auta suka zo, muka baje shi a kan tabarma, kowa ta kama gefe. Ɗinkin Yaya ƙanana ne, a jere kamar haƙoran masara, don ta yi shekaru tana ɗinkin hula. Na Auta manya ne, tana sauri. Duk wanda ya duba da kyau zai gane hannu uku, kuma ban farke na kowa ba.

Muna ɗinki muna tuna zannuwan. Auta ta gane ankon bikinta. Yaya ta nuna ruwan hantar da Inna ta ɗaura ranar da ta dawo daga Makka, ta ce har yanzu tana ganinta tana saukowa daga mota. Muka yi kuka, muka yi dariya, muka yi mata addu'a. Koren mai tsuntsu ne babu wadda ta san daga inda ya fito.

Gida 55. Ɗinkina ya kai 6 a inci, wani lokacin 7. Watan jiya da wannan ban taɓa buhun ƙyalle ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ranar Talata na gama gida na ƙarshe. Baki ya ci kwana biyu, layi uku a miƙe. Na datse abin da ya yi saura, na naɗo shafin ta gaba na kalmashe da hannu, na zare manyan ɗinkin riƙo. A kusurwar baya na ɗinka 1446 da 2024 da shuɗin zare. Na wanke shi a babban baho da sabulu marar ƙarfi, gabana yana faɗuwa saboda ja da shuɗin nan. Babu abin da ya zuba. Da ya bushe ya ɗan tattakure, kowane ɗaki ya kumbura tsakanin layuka, kamar lifidin da na gani a hawa. Na turara shi da irin turaren Inna.

Jiya bayan la'asar mu uku muka kai. Baba yana zaure a kan buzunsa. Muka gaishe shi, na ɗora masa a cinya na ce, "Baba, rigarka ce ta dawo." Ya warware shi a hankali. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya matso da shi kusa da fuska, yana bi da yatsa, fari, shuɗi, fari, ja. Bai ce komai ba har ya kai tsakiya. Nan ya tsaya, ya ɗora babban yatsansa a kan tsuntsun.

"Wannan a Kaduna na saye shi. Shekarar da aka canja kuɗi, aka bar fam aka koma naira. Da sabuwar naira na biya. Ke, Mamana, kina goye."

Shekarar 1973 ke nan. Ya ce da ya kawo mata ta yi faɗa wai ya yi ɓarnar kuɗi, sannan ta ɗaura shi washegari ta zaga dangi. Ya yi murmushi, ya share ido da bakin rawaninsa, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya. Da za mu tafi ya riga ya yafa shi a kafaɗa, ko magariba ba a kira ba.

Yau da safe yayanmu ya bugo waya. Ya ce Baba ya ce a gaya mini bai yi tari ba jiya, kuma a tambaye ni ko ana zuwa masallaci da shi. Na ce a gaya masa nasa ne, ya kai shi duk inda ya ga dama, in ya yi datti ni zan wanke.

Ƙananan abubuwa 8 na yi cikin wata 12, buhun ƙyalle ya ragu zuwa rabi. A adaka akwai ragowar zannuwan da za su isa wasu barguna biyu, ga kuma aska takwas ɗin nan a ninke, ina tunanin matashin da Baba zai riƙa jingina a zaure. Yaya ta riga ta aiko da awon gadonta a takarda, ta ce a tsakiyar nata ruwan hantar nan take so.